Jirgin Mutum Goma Sha Biyu

Gummi, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Surayya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya mai gidanki, ya jikin babanki? Tunda an rufe layin waya a jiharmu, na ba Haris direban shanu wagga takarda ya kawo miki Ikko. Mun ji an cire wa babanki Manu yanar ido, har yana zura zare a allura. Alhamdu lillahi.

Amma an ce kina shirin sa shi cikin jirgin ruwa ku zaga gari kallo. Surayya, ki kiyaye. Kin san dokar gidanmu tun kakanni: mai fiton da jirginsa ya ci rai, shi da jirgi har abada. Bara jirgin babanki ya kife da masu zuwa fadama, mutum uku sunka tafi. Ni na rataye filafilinsa na tuƙi da hannuna. Ba na son a ce ƙanena yana yawon shan iska bisa ruwa, marayu na kallonmu.

Ki gaida kowa. Baffanki, Ɗanladi.

Legas, ranar Asabar

Baffa,

Ina gaisuwa da girmamawa. Takardarka ta iso ranar Alhamis. Na karanta wa Baba ita tsaf, ban ɓoye ko kalma ɗaya ba. Ya saurara, ya ce in miƙo masa hularsa. Jiya muka je.

Daga bakin ruwan unguwar Marina muka tashi. Mun bi ta ƙarƙashin gada, motoci na gudu a kanmu. Mun ga tashar Apapa, jirage sun fi unguwarmu tsawo, ƙugiyoyi na ɗaga kwantena sai ka ce kwalin ashana. Baba ya tsoma yatsa a ruwa ya lasa, ya ce, "Wanga gulbi an cika mai gishiri." Har inda teku ta buɗe baki aka kai mu. Rabona da jin dariyarsa tun bara.

Amma abin da ya fi tsaya masa a rai tun a bakin ruwa ya faru. Mai jirgin ya ƙirga mu ashirin, ya sa wa kowa rigar da ke hana nutsewa, ya ja igiya ya tare hanya. Sai ga wani babban mutum da babbar riga, yana ta faɗa, wai a san ko shi wane ne. Mai jirgin ya ce jirgi ya cika, ya jira na gaba. Ya tada inji, muka bar shi tsaye.

Baffa, sai na ga Baba na hawaye. Ya ce mini, "Ran nan na ce jirgi ya cika. Yaya yac ce ba a barin suruki bakin gulbi, shi shiga da buhunan takinai. Kunya tas sa ni yin shiru."

Shekara guda yana ɗauke da wannan shi kaɗai, ana nuna shi da baki a kasuwa, kai kuwa kana zaune kana yanke masa hukunci. Raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ka yafe mini tsaurin ido, amma ban yi nadamar kai shi ba.

'Yarka, Surayya.

Gummi, ranar Laraba

Surayya,

Na amsa gaisuwa. Ashe zaman Ikko ya koya miki tuhumar wan ubanki. E, ni na ce Alhaji Faruku ya shiga. Uban matar ɗana ne. In bar shi tsaye bakin gulbi jama'a na kallo? Ba a taɓa yin haka ba a gidanmu. Abin da ya biyo baya ƙaddara ce, kuma filafili a hannun Manu yake, ba hannuna ba.

Doka tana nan. Jirginsa na kife bayan gida, gara ta fara shiga. In na ji yana maganar komawa gulbi, zan sa a faskara shi a yi makamashi.

Wassalam. Ɗanladi.

Legas, ranar Litinin

Yaya,

Ina gaishe ka. Ni ne Manu, Surayya ke rubuta mini.

Mutum ukun nan ina ganin su kullum, ko lokacin da ba ni da ido. Ban ce ba ni da laifi ba. Laifina shirun da na yi maka, kuma na gama shi.

Kada ka taɓa jirgina. Ranar Juma'a ina tafe tare da Haris, da rigunan hana nutsewa goma sha biyu. Shinkafa ta nuna a fadama, mutane za su ƙetara, da ni ko ba ni. Gara da ni.

Ka sauko mini da filafilina. Jirgin na mutum goma sha biyu ne. Na goma sha uku, ko kai ne, Yaya, za ka jira sawu na biyu.

Ƙanenka, Manu.