Sai Na Ga Takarda

Azare, 9 ga Disamba, 1985

Zuwa ga Yaya Dinatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da maigida. Yaya matata Salomi da yara suke? Na san na ɗora miki nauyi da na turo miki matata da 'ya'ya uku, amma in Allah ya yarda kafin ruwa ya sauka zan zo Bogoro in kwaso su.

Yau wata goma sha huɗu ke nan da aka sallame ni. Shekara goma sha shida ina riƙe da makullin siton taki a Katagum, ko mudu ɗaya bai taɓa ɓacewa ba, amma da aka tashi rage ma'aikata sunana ne na uku a jeri. Na gaji da zaman jira. Na kwashe garatutina kaf na sayi wake buhu talatin a Katagum da Gamawa, na zuba a wani ɗaki a bayan kasuwa, zan ajiye sai ya yi tsada. Kowane buhu sai da na soke shi na duba da idona.

Ina da maƙwabci, Ezenwa, Ibo ne. Da faifan allura da zare ya shigo garin nan, yanzu shagonsa uku. Na ja layi a tsakiyar takarda, na rubuta halayena a dama, nasa a hagu, don in ga abin da ya fi ni. A nawa akwai gaskiya, haƙuri, tsari, da zuwa a kan lokaci. A nasa na rasa abin rubutawa, sai surutu da dariya da rashin tsoro. Mutumin ko biro ba ya riƙewa. In har ya yi arziki, Yaya, ban ga abin da zai hana ni ba.

Ki gaida Salomi, ki ce ta ƙara haƙuri.

Ƙanenki,
Yunis

Bogoro, 3 ga Janairu, 1986

Ƙanena Yunis,

Mun ga wasiƙarka, mun gode Allah da kake lafiya. Kowa ƙalau, sai dai ƙaraminku Alfred da ke tambayar yaushe Baba zai zo.

Na karanta wa Salomi zancen layinka, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi mamaki ba. Tun kana yaro, in za mu haye rafi sai ka tsaya kana jefa duwatsu kana auna zurfi, mu kuwa mun riga mun kai gona. Halayen da ka jera duk naka ne, ba mai musu. Amma abin da ka kira surutu, ka zauna kusa da mutumin nan ka ji abin da yake faɗa wa mutane, wataƙila shi ne jarinsa.

Salomi ta ƙi zama haka. Ta fara soya ƙuli-ƙuli a ƙofar gida, man gyaɗar kuma tana ɗurawa a kwalabe. Kada ka ce ta zubar maka da girma, ni na ba ta kasko.

Allah ya kiyaye ka.

Yayarka,
Dinatu

Azare, 18 ga Mayu, 1986

Yaya Dinatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ki yi haƙuri da daɗewar da na yi ban rubuto ba. Ruwa ya kusa sauka kuma ban zo ba, ga dalili.

Wake ya yi tsada kamar yadda na hango. Makon jiya Ezenwa ya shigo mini da gudu, ya ce akwai babbar mota za ta tashi zuwa Anacha, saura wurin buhu talatin daidai, ƙaninsa zai karɓa a can ya sayar mini. Na ji daɗi, na bi shi tasha. Direban, wani Saleh, yana zaune a kan taya yana cin goro. 'Yan kasuwa suna ta loda masa kaya, kowa ya nuna buhunansa ya ce "Allah ya kiyaye hanya," shi ke nan ya juya.

Na ce, "To ina takardar?"

Saleh ya ce, "Wace takarda, Malam?"

Na ce ta karɓar kaya, mai ɗauke da lambar mota da yawan buhu da sa hannunsa. Ya tofar da goron ya ce shekara ashirin yana bin hanyar nan ba wanda ya taɓa ce masa ɓarawo sai yau. Wallahi ban ce masa ɓarawo ba. Ezenwa ya ja ni gefe ya ce, "Malam Yunis, nan ba ofis ba ne. Bakinsa shi ne takarda. In ya ci wakenka, gobe wa zai ba shi kaya? Ka loda, ni na tsaya maka." Na ce to shi ya rubuta cewa ya tsaya. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya tafi.

Yaya, na so in ce a loda. Bakina ne ya ƙi. Shekara goma sha shida ban taɓa barin buhu ya fita ƙofa ba sai da sa hannu, kuma wannan shi ne duk abin da na mallaka a duniya. Ina tsaye wani ya cike gurbin da barkono, mota ta tashi. Wata motar za ta zo, zan jira.

Ƙanenki,
Yunis

Azare, 7 ga Satumba, 1986

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙunki biyu sun zo, kunya ce ta hana ni amsawa.

Motoci sun zo, amma labari ya riga ni tasha. Yanzu "Malam Takarda" suke kirana, kuma ba direban da zai ɗauki kayana. Masu saye a nan suka taya, na ga tayin bai kai na Anacha ba, na ce zan ƙara haƙuri. Haƙurin nan da na rubuta a layina da alfahari, shi ya ƙarasa ni. Damina ta shiga, ɗakin ya yi laima. Ranar Talata na buɗe ƙofa na ji buhunan suna ƙara a hankali kamar ana yayyafi a kan kwano. Na soka ƙarfe, sai gari da ƙwari suka zubo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har talatin, ina rubuta abin da na gani, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Masu tumaki ne suka kwashe.

Na sake ɗauko takardar layin nan. Yanzu na san abin da ya kamata in rubuta a gefen Ezenwa. Yana iya sakin abu daga hannunsa ya yi barci. Ni an koya mini tsarewa ne kawai, kuma na iya, har na tsare wakena ya ruɓe. Duk halayen kirkin da nake taƙama da su na mai gadin dukiyar wani ne. Na tsani kaina, Yaya, kuma ban san fuskar da zan kalli Salomi da ita ba. Kada ki gaya wa yara komai.

Yunis

Bogoro, 21 ga Satumba, 1986

Ƙanena,

Gaisuwa da jajen asara. Na yi kuka, Salomi ma ta yi. Amma wake ne ya mutu, kai kana nan.

Akwai abin da na ɓoye maka don kada ranka ya ɓaci. Ƙulin Salomi ya wuce ƙofar gida tun Ista. Mata huɗu ke taya ta matsa, kuma duk mako tana tura man gyaɗa garwa-garwa zuwa Jos a hannun wani direba da ko sunan mahaifinsa ba ta sani ba. Sau ɗaya garwa biyu suka fashe a hanya, ta yi tsaki, washegari ta sake turawa. Ta kama ɗaki biyu kusa da coci, yara suna makaranta.

Ta ce in gaya maka ba za ta koma Azare ba. Ta ce kai ka dawo. Gyaɗa tana zube mata ko'ina, ɓera na ci, matan na ɗiba, ita kuma ba ta iya tsaro ba. Tana bukatar mai riƙe makulli, kuma ba ta san wanda ya fi ka ba. Ba da raini ta faɗa ba, ina wurin.

Yayarka,
Dinatu

Azare, 5 ga Oktoba, 1986

Yaya Dinatu,

Na gode, na kuma gode wa Allah saboda Salomi. Ashe ɗan kasuwar da nake nema a jikina yana cikin gidana shekara goma sha huɗu, ban taɓa ja mata layi ba.

Zan iya zama ɗan sito a ƙarƙashin matata, girman kai ya riga ya fita daga jikina. Amma ina tsoron ko tausayina kika ji kika ƙara wa maganar gishiri. In na taso na tarar ba haka ba ne, ba ni da inda zan koma. Ki ce ta rubuto mini da hannunta, ko layi biyu ne, ta sa sunanta a ƙasa. Ranar da na gani zan shiga mota.

Ƙanenki,
Yunis

Bogoro, 16 ga Oktoba, 1986

Yunis,

Muna gaisuwa. Na karanta mata. Ta ce ba za ta rubuta ba. Ta ce shekara goma sha huɗu kana cin tuwonta ba ka taɓa neman sa hannu ba.

Ta sayo sabon kwaɗo, ta rataye makullin a ƙusa bayan ƙofa. Ta ce yana nan har a gama cire gyaɗa, daga nan dole ta ba wani. Motar Bauchi kullum tana tashi daga Azare da safe, kai ma ka sani.

Wannan ce wasiƙata ta ƙarshe a kan maganar. Allah ya ba ka ikon hayewa.

Yayarka,
Dinatu