Motar Tseren Renato

Yaya Luzviminda,

Gaisuwa daga ƙanwarki Perlita a Winnipeg. Yaya ƙafar Inna? Muna lafiya, bayana ne kawai ke ɗan ciwo.

Taya ni murna, maigidana Renato ya sayo motar tsere, wai tayoyinta huɗu duk suna ja. Ga ladabi, cikinta har ƙasa! Kullum da safe sai ta hau dusar ƙanƙara ta kwanta, tayoyi na juyawa a banza. Yana ciki da ɗuminsa yana ihu, "Perlita, tura! Ƙarfi gare ta!" Na ce, "To ango, ta tura kanta mana."

A wurin aiki an ce in na sake makara, in zauna gida. Kada Inna ta ji. Aiko min man zafi, Allah ya saka.

In aikin ya tafi, Yaya, motar za mu dafa?