Ka Wanke wa Jikokina Huska

Auta, assalamu alaikum. Kana lahiya? Ya maiɗakinka da yara, ya sanyin ƙasar Turawa? Asabe maƙwabciyata ka rubuta man daga nan Zurmi.

Ta gwada man hoton da ka aiko, Ummi da Sadiƙu da huskar ƙwarangwal, suna bin gidaje roƙon alewa. Wai tashen Turawa na. Auta, ɗan tashe ko ya shahwa toka ana gane ɗan wane na. Nan garin, wanda ya ruhe huska ya buga ƙyaure, ka san abin da yaz zo yi. Tun jiya ban iya cin tuwo ba.

Ka wanke musu huska, ka sake ɗaukar hoto, in ga jikokina.

Ku sa mu addu'a. Ka gaishe su.

Innarka