Tsohuwar da na tsaya wa a Gwarinpa

Talata, bayan sallar isha'i

Wata shidan da na yi ina kwas a Jamus ya sa na saba da taka birki da zarar mutum ya tsaya bakin farin layin tsallaka titi. Yau da safe a Gwarinpa na ga wata tsohuwa da kwandon doya a kafaɗa, na tsaya, na yi mata hannu ta wuce. Ta ƙi. Na sake yi, har da murmushi. Tana shigowa, wani mai tasi ya fizgo ta gefena, ko rage gudu bai yi ba. Madubinsa ya daki kwandon, doya ta watse. Taku ɗaya ya rage, wallahi.

Muna tsince doyar ta ce, “'Yata, da kin ƙyale ni. Na san lokacin tsallakawata.”

Mijina, Abban Hanifa, ya ce nan ba Turai ba ce, in daina. To gobe ma ta nan zan bi zuwa ofis. In tsaya ko in wuce?

Shekaru tsohuwar tana tsallaka titin nan lafiya. Ni na kira ta.