Na Kira Sunan 'Yar Farina Daga Saigon

Malam Dikko, don Allah ka cece ni. Na tafka abin kunya da alƙalami, kuma tsakanina da inda abin ya faɗi tafiyar wata guda ce a jirgin ruwa.

Ni mutumin Sassumbrum ne, ƙasar Magariya. Shekara biyu na yi a lakwal, wato makarantar boko, kafin mushe, malaminmu, ya gane kaina ba na karatu ba ne, saboda haka ka yi haƙuri da rubutun. Soja ne ni, amma ludayi ne bindigata: ni ke dafa wa wani kaftin abinci a nan Saigon, ƙasar Indoshin, yau shekara biyu da rabi.

Garin nan, Malam, ba ya zama. Ruwa na sauka kowace la'asar kamar ya yi alkawari. Gero babu ko na magani, shinkafa safe da yamma, a ci ta da tsinke biyu. Ka gaida mutum, kafin ka kai ga tambayar gajiya ya sha kwana. Da farko nakan tsaya bakin titi ina jiran kekuna su ƙare in tsallaka. Ba sa ƙarewa.

A bakin titin na gamu da wani Ba'amurke matafiyi, shi ma yana jira, ya jiƙe sharkaf da gumi. Garuruwa yake zagawa yana rubuta abin da ya gani. Faransancinsa ya fi nawa karyewa, don haka muka fahimci juna. Wata tsohuwa mai sayar da taliya ce ta koya mana tsallaka titi: a shiga a hankali, ba tsayawa, ba gudu. Tun daga nan benci ɗaya muke zama a wurinta, shi yana zubar da romo a wando, ni ina binciken ko akwai alade a ciki.

Mutumin nan yana da hoton ɗansa na fari a aljihu. Kowa ya samu sai ya nuna masa, ya faɗi sunan da ƙarfi, har ya sumbaci takardar, ni ina sunkuyar da kai a madadinsa. Sai na lura mutanen garin ma ba ruwansu: mai keke ya ɗora ɗansa a wuya suna hira a tsakiyar kasuwa. Ranar da ya tambaye ni sunan 'yar farina, na ce mu ba ma faɗi, “waccan” nake ce mata, kuma ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Ya tambaya ko ta san ina sonta. Na yi dariya. Na koma na ƙona wa kaftin nama.

Sati na zagayowa na zauna rubuta wasiƙar gida. Na gaida Baffa, mahaifina, na gaida uwar yara, har jaki na gaida. Sai hannuna ya zarce shi kaɗai: “Hinda, kullum ina tunaninki.” Na manta a gidanmu ba mai karatun boko. A zaure ake karanta wasiƙa, da ƙarfi, gaban Baffa da surukina da duk wanda hanya ta biyo da shi.

Ƙanena Inusa ya sa aka rubuto mini amsa. Wai mai karatu ya tsaya a kan sunan, ya yi tari, ya maimaita. Surukina ya nemi takalmansa. Baffa ya ce shinkafa ta wanke mini kunya, kada a ƙara sa gaisuwarsa a takarda sai na rubuto cewa kuskure ne. Yarinyar kuwa, shekararta goma sha biyu, ta kawo ruwa ta ji, ta dire ƙwarya ta ruga cikin gida. Kuka ta yi ko dariya, Inusa bai faɗa ba. Sakaran ya cika rabin shafi da labarin gyaɗa.

Tun ranar ba ni da sukuni. Sau uku na je kasuwa na dawo ba albasa. Sau huɗu na fara wasiƙar tuba ina yagawa. In na ce kuskure ne, a zauren nan za a karanta, ita ma ta ji. In ban ce ba, wata huɗu ya rage in dawo, da wane ido zan dubi Baffa? Ba'amurken ya wuce wani gari da hotonsa, ya bar ni ina zarya.

Naka,
Kuku Mai Dogon Alƙalami

Malam Kuku,

Ajiye ludayin ka zauna. Baffa bai zalunce ka ba. Kunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce: uba na ja da baya don ya bar wa nasa iyayen jikansu. Kai kuwa ka tsallake shi a cikin zaurensa, gaban surukinka. Dole ya ji zafi.

Amma ba ƙarya ka rubuta ba, don haka kada ka kira ta kuskure. Ranar da aka karanta wannan kalma, ka ƙwace wa yarinya abin da ka ba ta, kuma a gaban jama'a.

Laifinka wurin da maganar ta faɗi ne, a kansa za ka tuba. Rubuta layi uku kawai: ka faɗi a gabansa abin da ba a faɗi a gabansa, nisan gida ne ya yi maka yawa, ya yafe maka. Kada ka maimaita sunan, kada ka kawo hujjar Ba'amurke. Ka sa Inusa ya kai da goro tun kafin zaure ya cika.

Sannan ka sayi ɗan yadi mai kyau, ka aika ta hannun Baffa, ka rubuta a kai: “Na amaryar Baffa.” Ka san yadda kaka ke wasa da jikarsa. Shi zai miƙa mata da hannunsa yana tsokanarta, ita kuma ba sai an gaya mata daga inda ya fito ba.

Allah ya huci zuciyar Baffa, ya raya yarinya, ya dawo da kai gida lafiya.

Malam Dikko