Maganar matata ce a kafaɗata, da yaren masu gumaka

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karanta shi. Ku ɓoye sunana. Ban yi boko mai nisa ba, don haka ku karɓi rubutun yadda ya zo. Wanda zai zage ni ya bari ya kai ƙarshe tukuna, ba don zagin zai yi mini ciwo ba, na daɗe rabona da jin ciwon wani abu.

Ni direban babbar mota ne a Madina, ina ɗauko kaya daga Yanbu, bakin teku. Na haura hamsin. Matata, Allah ya jiƙanta, duk ranar da zan fita sai ta biyo ni bakin ƙofar gidanmu a unguwar Sih ta ce, “Sai ka dawo, Baban Nasiru.” Shi ke nan. Ko mun kwana da faɗa sai ta faɗa. Ni kuma ban taɓa amsa mata da baki ba, hannu kawai nake ɗagawa. Wata tafiya mota ta lalace mini a hanya, lokacin babu wayar hannu a wurin irinmu. Da na dawo na tarar da takalma a ƙofar gida. Ciwo ya kama ta da rana, kafin la'asar ta cika, an yi mata salla a Harami an kai ta Baƙi'a. Kowa sai barka yake mini, wai ta dace da makwanci. Na sani, ta dace. Amma wanda ya san Baƙi'a ya san babu suna a kan kabari, duwatsu ne kawai iri ɗaya. Na tambayi maƙwabcinmu da ya raka ta, ya nuna da hannu ya ce, “Wajen can ne.” Wajen can ina? Na tsaya ina kallon ƙasa da tattabaru. Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba.

A Yanbu akwai wani tsoho Ba'indiye mai facin taya, ana ce masa Babu. Ba Musulmi ba ne, shi ya sa bai taɓa shiga Madina ba. Hannunsa duk zane ne na allura, wanda Larabawa ke ce wa washam. Da Larabcin kasuwa muke hira, nasa karyayye, nawa gurgu. Wata rana yana cire mini ƙusa a taya na tambaye shi na wuyan hannunsa, ya ce sunan uwarsa ne, da wani tsohon yarensu, Sanskirit, wanda ba a ciniki da shi, ba a zagi da shi, sai malamansu suka sani. Ubansa malaminsu ne, shi ya koya masa. Abin da ya kama ni ke nan. In na rubuta da Larabci kowa a garin nan zai karanta, in da boko ne 'yan uwana za su karanta. Ni kuwa abin da nake so shi ne dutse guda mai alama, wanda ba mai gane shi sai ni. Na san haramun ne? Na sani sarai. Ba zan ce Shaiɗan ne ba, ni ne.

Fassarar ta ba mu wuya. Na ce masa “sai ka dawo”, na juya da Larabci, ya ce, “Wato ka dawo da sauri?” Na ce a'a, ba umarni ba ne. Ya ce, “To, ina jiranka?” Na ce ba ta taɓa cewa tana jira ba. Ya ce, “Ya sadik, ku baƙaƙe maganarku gajera ce amma cikinta kamar tayar tirela.” Na ce masa sallama ce, amma irin wadda ba ta yarda an rabu ba. Sai ya buga cinyarsa ya ce akwai ta, kalma ɗaya ce doguwa. A bayan shagonsa ya yi mini zanen, da allura da baƙin tawada, a kafaɗar dama. Haruffan a rataye suke a jikin layi kamar shanya. Ban ji zafi ba.

Shekaru ina ɗauke da shi. Ban ƙara zama da singileti a gida ba, da riga nake kwana ko a tsakiyar zafin Madina. Bara Babu zai koma ƙasarsu gaba ɗaya, na je yi masa sallama, ya dafa kafaɗar nan ya faɗi kalmar da bakinsa yana dariya. Na ce, “Wai ku a ina kuke faɗinta?” Ya ce ai babbar kalma ya ba ni. Idan bikinsu ya ƙare, suka ɗauki gunkin da suka bauta wa za su kai shi kogi, ita ubansa yake faɗa wa gunkin: tafi, don ka sake dawowa. Da zuciya ɗaya ya gaya mini, yana ganin karamci ya yi mini. Na ce masa na gode. Na hau mota na tuƙo har Madina, na wuce allon da ke cewa daga nan sai Musulmi, da kalmar a jikina. Da ita nake sujada a masallacin Annabi. Me ke kafaɗata yanzu, maganar matata ko addu'ar gunki? Ni da Hausa na faɗa, da niyyar Hausa. Amma ba Hausa ce a rubuce ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ɗana Nasiru a nan aka haife shi, in na yi masa Hausa da Larabci yake amsawa. Ya girma, ya kama addini da gaske, ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Ya sayo harami guda biyu, ya ce mu je Umra tare mu yi wa uwarsa addu'a. Duk wanda ya yi ɗawafi ya san kafaɗar dama ake buɗewa. Ko na rufe, a mikati tare za mu tuɓe mu ɗaura. Na ce masa baya na ciwo, ya sayo mini magani. Na ce kafili, ubangidana a wurin aiki, ya hana ni hutu, ya je da kansa ya roƙe shi, aka ba ni. Rannan ya ce da Larabci, “Ya abuya, ko ba ka son zuwa saboda ita ne?” Na ce, “Kai, rufe mini baki.” Ya rufe. Yana tsammanin ban damu da uwarsa ba, tunda bai taɓa ganin hawayena ba.

Na gwada cirewa. Na ɗora sifana a kan risho har ta yi ja, na cire riga, na tsaya gaban madubi. Ba tsoron wuta ya hana ni ba. Gani na yi in na ƙona shi, ba ni da wajen can ma. Na bar ƙarfen ya huce. In kuma na bari, wata rana Nasiru ne zai yi mini wanka, ya gani lokacin da ba ni da bakin bayani.

Ranar Alhamis za mu tafi. Haramin nan biyu suna kan firji a cikin leda. Jiya da safe zan fita, yaron nan da ba ya Hausa ya biyo ni bakin ƙofa, ya ce da harshensa mai nauyi, “Sai ka dawo, Baba.” Na ɗaga hannu.

Malamai da sauran jama'a, in ƙona in ce masa mai ne ya zubo mini, ko in cire riga a gabansa kafin mikati ya cire mini? In na nuna masa, wace fassarar zan ba shi, tawa ko ta Babu? Me zan yi?