Ki Riƙe Mini Auta

Inna,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba? Ya ƙafarki? Ki gaishe min da Yaya da yaranta.

Mu nan lafiya lau, kada ki damu. Ina nan ina wanki a asibiti, baban yara ma yana tuƙinsa. Sai dai kafin albashi ya shigo hannu haraji ya yanki nasa, haya ta lashe sauran. Gidan renon gwamnati da nake kai Auta an rufe shi, wai babu kuɗi, alhali a titinmu fitilun ado ake ta kafawa.

Tun lokacin nake zuwa aiki da shi, in kwantar da shi bayan kwandunan zannuwa. Jiya ya yi kuka, shugabarmu ta ji. Ta ce, “Ko shi, ko aikin.”

Inna, dabara ta ƙare min. Maƙwabciyarmu za ta zo gida ƙarshen wata, ki yarda ta kawo miki shi. Ba ya barci sai an riƙe masa kunne. Ban gama yaye shi ba, amma na fara.

Allah ya bar mana ke.

’Yarki